Hannu a Hammata

A Bambeye, in bayanka ya taɓa ƙasa an gama,
ganga ta yi shiru,
yara su kwashi takalmanka su riga ka gida.
Shekara tara ina kokawa a rairayin Tawa,
ko gwiwa ban taɓa ara wa ƙasa ba.

Sai ga ni a Yamai, bayan kasuwar Wadata,
ɗaki mai rufin kwano,
fanka ɗaya, ita ma tari take,
katifun roba shuɗɗa masu warin gumin jiya.
A nan wanda ya kwanta shi ke farauta.

Hamani, ɗan lekwal, siriri kamar karan gero,
na sunkuce shi na shimfiɗe, na saurari tafi.
Ba tafi.
Ƙafafunsa suka zagaye ƙuguna,
ya harɗe idon sawu a bayana
kamar mai shago ya sa kwaɗo za shi masallaci.
Na dafa katifa da dama. Wayyo dama!
Hannunsa ya bi ta saman nawa ya naɗe,
ya cusa damtsena cikin hammatarsa,
ya damƙi wuyan rigata, har da murmushi.

Na ja.
Ni da ke jan guga a rijiya gaba ashirin,
na ja har kafaɗa ta yi ƙara,
kowane ja, ƙulli ya ƙara zama.
Ƙafarsa ta fara hawan bayana tana tambayar wuya.
Na buga katifa sau uku, kunya ta sha ni.

Metir Alzuma ya tsuguna, asuwaki a baki.
Ya ce, Ba'adare, ƙarfinka ne tuwonsa,
kai kake tuƙa masa.
Ɗaga kai. Miƙe baya, zauna kan dugadugai.
Hagunka kar ta yi yawo, dasa ta a ƙugunsa,
in ya kama ta ita ma, ka yi sallama da numfashi.
Wannan da ke tsare kuwa, kashe shi.
Na ce, in kashe hannuna?
Ya ce, bar shi ya mutu kamar tsumma,
juya tafi, babban yatsa ya dubi ƙasa,
karkata kafaɗa, ka zare shi ta inda ya shiga.

Sai na tuna Kaka Tabizo,
shekarar da rumbu ya yi amo tun kafin bazara.
Munduwar azurfa, shekara talatin a wuyan hannunta,
nama ya girma ya rungume ta.
Maƙeri ya ɗauko zarto. Ta ce ajiye.
Ta lanƙwasa babban yatsa cikin tafi,
ta mai da hannu ƙarami kamar na jinjiri,
ta murɗa kaɗan,
munduwa ta faɗi cikin ƙwarya, ƙal.
Tiya bakwai ta gero muka ci a kanta.

Muka koma. Hamani ya naɗe, ya matse.
Na ji zuciyarsa tana bugawa a damtsena,
ashe shi ma yana jin nauyina.
Na ɗaga kai, na dasa hagu,
na ce wa dama, yi haƙuri, mutu.
Ta mutu.
Na juya ta, na karkata,
ta sulale kamar tarwaɗa daga hannun yaro a bakin Isa.

Ba wanda ya buga ganga.
Har yanzu ina cikin ƙafafunsa, in ji Metir,
ƙofa ɗaya ce ka buɗe, gidan da saura.

Da dare a tebur ɗin mai shayi a Bukoki
na riƙe kofi da hagu, dama na ta zogi.
Hamani ya biya, na bar shi ya biya.
Ran Alhamis na sake dafa katifar,
ya sake kamawa.